Munduwar da Ta Zo Cikin Daddawa

A gidan hayar da na zauna a unguwar Abu Hail a Dubai mu uku ne a ɗaki ɗaya, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya yi mamakin yadda muke zaune lafiya. Ni ne mai gyaran iyakwandishan, ni ne kuma mai saurin hawa. Ko na musa, maƙwabta za su ba da shaida. Akwai Alhaji, mutumin Damagaram, wanda ya yi boko da Faransanci har ya kusa zama malamin makaranta kafin kasuwanci ya ɗauke shi. Shi kayan waya yake saye a kasuwar 'yan Cana da ke International City yana aikawa gida. Na ukunmu shi ne Kawu.

Ba kawuna ba ne na jini. Daga dutse ɗaya dai muka fito, yare ɗaya muka tashi da shi kafin mu koyi Hausa a kasuwa da coci, kuma a wurinmu ba a kama sunan babba irinsa. Direba ne a wani kamfanin kago, yana ɗauko kwalaye daga kasuwa zuwa sito. Mutum ne mai sanyin hali har ya yi yawa. In na dawo daga aiki ina zage-zage saboda wani mai gida ya bar ni a saman rufi cikin rana ba ko ruwan sha, sai ya miƙo min kofin shayi ya ce in sha tukuna, zagin ba zai gudu ba. Ina son mutumin nan ƙwarai, ko da yake sanyinsa kan ƙona min rai.

Sai na bayyana wani abu game da mutanenmu, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. A wurinmu yaro na dangin uwarsa ne. Uba ya haifa, ya ciyar, ya yi tarbiyya, amma wanda za a nema in yaro ya yi ɓarna ko ya kwanta ciwo, wanda kuma yaron zai gada, ɗan'uwan uwarsa ne. Da zarar an yaye yaro, kawunsa zai ɗauke shi zuwa maƙera a ƙera masa munduwa ta baƙin ƙarfe, a rufe ta a hannunsa na hagu. In hannu ya yi kauri a ƙera wata. Ba a barin hannun nan haka kawai sai in kawun ya mutu babu mai karɓa, ko kuma ya fito gaban dattawa ya ce ya sauke nauyin. Don haka a wurinmu ba mutuwar iyaye ke sa a kira yaro maraya ba. Sai an ga hannunsa babu ƙarfe. Alhaji bai taɓa gajiya da yi mana tsiya a kan wannan ba. Yakan ce mu ne mutanen da ke wahalar haifa wa surukansu 'ya'ya.

Kawu yana da mata da 'ya'yansa a gida, yana kuma aika musu abin da ya samu. Amma wadda ke sanye da munduwarsa ita ce 'yar ƙanwarsa. Iyayenta duka sun rasu tana ƙarama, ta dawo gidansa, matarsa ke riƙonta. Yarinyar sikila ce. A lokacin da nake ba da labari shekarunta ba su kai goma ba, kuma duk hotonta da aka aiko sai ka ga idanu kawai da haƙora. Sa'o'inta an sake musu munduwa sau nawa, ita kuwa ta yaye ce har yanzu a hannunta, in ta ɗaga hannu sai ta zame ta nufi gwiwar hannu. Kawu ba ya son a yi maganar wannan.

Ranar Juma'a ce hutunmu, don haka ranar muke zuwa coci. In an tashi, mu 'yan dutse da ke Dubai, waɗanda ba mu cika ko tabarma biyu ba, sai mu taru a ɗakinmu. A tuƙa tuwon semo, a kaɗa kuka, Alhaji ya dawo daga masallaci ya wanke hannu ya ce shi baƙo ne mai sa ido. A irin wannan zaman ne aka kawo labarin cewa gwamnatin jiharmu za ta faɗaɗa inshorar lafiya. A da ma'aikatanta kawai ke ciki, yanzu za a kai ta har ƙauyuka. Kowane gida ya riƙa ba da ɗan abu kaɗan, a ba shi kati, in ciwo ya zo a duba shi. Marayu kuwa an yafe musu komai, har ƙarin jini da kwanciya a babban asibiti.

Mun yi murna da farko, har ni. Kawu ya ce to, Allah ya kawo sauƙi, yarinyarsa za ta samu kati.

Da ma'aikatan suka hau dutse yin rajista sai magana ta canza. A tsarinsu gida shi ne miji da mata da 'ya'yan da suka haifa. Matar Kawu ta jera yara, aka rubuta nata, aka zo kan yarinyar aka ce wannan ba ta cikinsu ba ce. Haka aka yi a gida bayan gida. An rubuta wa kowane mutum 'ya'yan da a al'adarmu nauyin wani ne, an bar masa waɗanda ke sanye da ƙarfensa a waje. Inda iyaye ke raye abin ya zo da sauƙi, sai a rubuta yaro can wurin ubansa. Irin yarinyar Kawu ne suka rasa inda za su shiga. Hanya ɗaya ta rage mata, wato a rubuta ta marainiya, kuma sai dattawan unguwa sun shaida.

Dattawa suka ce ba za su shaida ba. Ga ƙarfe a hannun yarinya, ga kawunta da ransa yana tuƙa mota a ƙasar Larabawa, ta yaya za su buɗe baki su ce ba ta da kowa? In ana so su faɗa, sai a cire munduwar tukuna, kuma ba za ta koma ba muddin yarinyar na cin moriyar sunan maraici.

Sun dai yi abin da za su iya. Suka sa manyan riguna suka tafi babban birnin jiha, suka ce sun zo jin dalilin da za a tsara abu a kansu ba a tambaye su yadda suke ƙirga gida ba. Aka zaunar da su, aka ba su lemon kwalba, wani jami'i ya yi musu bayani mai daɗi. Ya ce ai an tuntuɓi jama'a, shugaban ƙaramar hukuma ma ya halarci zama. Shugaban nan kuwa ba namu ba ne, mutumin ƙasa ne, bai taɓa hawa dutsenmu ba sai lokacin neman ƙuri'a. Aka ce musu an riga an yanke, amma za a duba kukansu nan gaba. Suka dawo da kwalaben lemo a ciki da ciwon baya.

Ranar da aka ba mu wannan labari na tashi tsaye a tsakiyar ɗaki ina faɗa, kamar gwamnan na zaune a kan katifar Alhaji. Na ce waɗannan mutane sun ɗinka riga ba su auna mai ita ba, yanzu suna cewa mu rage kafaɗa. Daga nan na juya kan dattawanmu, na ce su ma kansu ya yi tauri, a cire ƙarfen rana ɗaya mana, a rubuta, a mayar. Kawu ya bar ni na gama. Sannan ya ce dattawan ba su yi laifi ba, an tambaye su gaskiya ne sun faɗi gaskiya.

Alhaji ya ce a ƙasarsu ma an yi irin wannan, an ce yara ƙanana kyauta ne a asibiti, kowa ya yi tafi, sai aka je aka tarar maganin ne babu. Ya dubi Kawu, wanda yake kira Tonton, wato kawu da Faransanci, ya ce, "Tonton, gwamnati ko'ina haka take, c'est pareil. Kai dai ka kama abin da ya zo hannunka, khalas, shi ke nan."

Da a ce abubuwa na nan yadda suke a da, Kawu zai ci gaba da biya daga aljihunsa, ba wanda zai ji. To amma tun da kati ya shigo, asibitin ya canza hali. Mai kati a duba shi, marar kati sai ya ajiye kuɗin komai kafin a taɓa shi, tsohon lamunin da ake yi wa mutanenmu ya ƙare. A nan Dubai kuma aiki ya fara ja da baya, kamfanin su Kawu na jinkirta albashi. Cikin haka ciwon yarinyar ya tashi da damina. Matar Kawu ta kai ta babban asibiti, aka ce sai jini, aka ce sai kuɗi. Muka haɗa abin da ke hannunmu, Alhaji ya bi ta wani abokin cinikinsa aka miƙa. Kafin saƙon ya isa yarinyar ta wuni a kan bencin asibiti tana murƙususu. Ta tashi a wannan karon, amma likita ya faɗa wa matar Kawu cewa irin wannan jinkirin ba kullum ake tsallake shi ba.

Kawu ya daina cin abinci sosai. Na san abin da ake yi wa wanda aka mayar masa da munduwa yana raye: ba ya magana a taron dangi, ba a neman bakinsa a maganar aure, in ya zo zama a bayan samari zai zauna. Na ɗauka wannan ne ke damunsa, sai na shiga yi masa wa'azi. Na ce wane zama kuma, kai da kake zuwa gida sau ɗaya a shekara biyu? Na ce kujerar dattawa ba ta ƙara wa kowa jini. Na faɗi wannan da zafi, kuma har yau ban janye ba. Shi dai ya ce in sha shayina.

Alhaji ne ya kawo shawarar mu fita gari mu sha iska, ya ce ɗakin ya cika da hucina. Wata Juma'a Kawu ya roƙi motar aiki, muka kama hanyar wani gari da ake kira Hatta bayan coci da masallaci. Ni ban taɓa zuwa ba. Muka wuce yashi, muka wuce yashi, sai ga duwatsu sun taso baƙaƙe, tsirara, ga 'yan gonaki da dabino a gindinsu, ga awaki na hawa inda mutum ba zai iya ba. In ka cire dabinon ka sa dawa, garinmu ne. Alhaji ya ce yanzu ya gane abin da ya sa kanmu ke da tauri, ashe a kan irin wannan aka haife mu.

Muka shimfiɗa tabarma kusa da madatsar ruwa, Larabawa da Indiyawa da iyalansu na ta gasa nama nesa da mu. Kawu ya daɗe yana kallon dutsen. Sannan ya fara magana, ba wanda ya tambaye shi. Ya ce lokacin da ƙanwarsa ke jinyar ajali bai ce mata komai ba, ita ma ba ta roƙe shi komai ba, hannun yarinyar kawai ta ɗaga ta nuna masa ƙarfen. Ya ce maganar zama a bayan samari ko a jikinsa. Abin da ke hana shi sukuni shi ne yarinyar ta san ma'anar hannu marar ƙarfe kamar yadda kowane yaro a dutse ya sani. Za ta fita wasa a ce mata kawunta ya yar da ita. Kuma matarsa ta gaya masa cewa in ciwon ya tashi, munduwar take damƙewa da ɗaya hannun har ya lafa.



Kawu ya ciro waya da katin kira, ya kankare, ya hau wani tudu inda akwai sabis. Muna jin muryarsa daga ƙasa. Ya yi magana da matarsa, ya ce ta gaya wa dattawa ya yarda, a kira maƙeri. Sannan ya ce a ba shi yarinyar. Da yarenmu ya yi mata magana, a hankali, ni na riƙa fassara wa Alhaji. Ya ce mata gwamnati ce ta ƙi ba da magani sai ga mai hannu babu komai, don haka za su yi wa gwamnati dabara, shi da ita. Za a cire ƙarfen, amma ba yarwa za a yi ba.

Ya tsaya yana sauraren amsarta. Da ya sauko idanunsa sun yi ja. Na tambaye shi me ta ce.

"Ta ce wa zai ajiye mata. Na ce ni. Ta ce to kada in bari ta yi tsatsa."

Alhaji ya juya baya ya shiga kakkaɓe tabarma da ƙarfi, yana cewa yalla, yalla, mu tafi, rana za ta faɗi muna hanya.

Bayan wasu makonni wata 'yar kasuwa da ke zuwa sarin atamfa da takalma ta kawo mana saƙo daga gida. Ƙullin daddawa ne a leda, an nannaɗe shi da tsumma. Ni na kwance, don ni ne mai girki a makon. A tsakiyar daddawar na ci karo da munduwar, an buɗe bakinta. Matar Kawu ta ɓoye ta a nan ne don kada ta ɓace a hanya. Ƙanƙantarta ta ba ni tsoro, yatsuna uku ne suka cika ta. Na miƙa wa Kawu. Ya wanke ta da sabulu har sau nawa, amma ta yi wata guda tana warin daddawa, Alhaji na cewa ko ba komai yanzu ɗakin ya samu turare.

Kawu ya zura ta a sandar giyar motarsa, inda hannunsa ke wuni. Duk Juma'a kafin coci zai ciro ta ya goge da ɗan man inji. Wani Bafilifine abokin aikinsa ya taɓa tambayarsa ko laya ce, ya ce a'a, ajiya ce aka ba shi.

Yarinyar ta samu katinta. Ciwo bai daina zuwa ba, amma yanzu in ya zo ana karɓarta ba jira, ana ba ta maganin da take sha kullum. Yara sun yi mata gori kamar yadda Kawu ya ji tsoro. Matarsa ta ce yarinyar takan amsa musu cewa tata tana Dubai, tana yawo a mota. Da Kawu ya je gida hutu a wannan tsakanin, ya je taron dangi ya zauna a bayan samari, bai jira an nuna masa ba. Wanda ya ba ni labari ya ce dattawan ne suka kasa haɗa ido da shi.

Su ma dattawan ba su haƙura ba, a nan kam na sara musu. Suka yi ta zarya zuwa babban birni, suka haɗa kai da wasu ƙabilun da ke da irin al'adarmu, mu kuma daga nan muna tara musu kuɗin mota. Na sha cewa ɓata lokaci ne, lemon kwalba kawai suke zuwa sha. Sai ga shi bayan 'yan shekaru, ko don zaɓe ya matso ko don an gaji da ganinsu, gwamnati ta gyara. Aka yarda a rubuta ɗan riƙo a gidan mai riƙonsa, aka kuma ce yaro mai ciwo irin nata an yafe masa, da maraici ko babu.

Hutunmu ya zo ɗaya a Kirsimetin wannan shekarar, muka tafi gida tare. Alhaji ya raka mu filin jirgi, ya cusa wa Kawu wani yadi mai kyau ya ce a kai wa 'yar Dubai. Munduwar na cikin aljihun gaban rigar Kawu, na'urar bincike ta yi ta ƙara a kanta, sai da ya yi wa jami'in bayani da guntun Larabcinsa.

Bayan mun isa gida, wata rana da safe aka taru a maƙera, dattawa a kan duwatsunsu, mata daga gefe. Ni ban gane yarinyar ba sai da ta gaishe ni. Har yanzu siririya ce, idanunta da ɗan ruwan ɗorawa, amma ta yi tsawo, ta fara zama budurwa. Kawu ya ciro ƙarfen ya nuna mata, ta karɓa ta jujjuya shi tana neman tsatsa, ba ta samu ba. Ta miƙa hannun hagu. Maƙeri ya ɗora munduwar, ya kama ta da awartaki zai rufe. Ya matsa, ya sake matsawa, ya gyara zama ya kuma gwadawa. Bakin biyu suka ƙi haɗuwa, da sauran tazara kamar faɗin yatsa biyu.

Maƙerin ya ɗago kai ya ce sai dai a ƙera wata.

Kawu ya kama hannun yarinyar ya zagaye shi da yatsunsa, kamar bai yarda da maƙerin ba. Sai ya zauna daɓas a ƙasa cikin toka, da sabuwar rigarsa ta Kirsimeti, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗaga murya ba. Yana dariya, hawaye na zuba, yana nuna wa dattawa hannun ɗaya bayan ɗaya.

"Ta yi mata kaɗan," ya ce. "Ku duba fa. Ta yi mata kaɗan."

Ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba. Maƙeri ya sa aka hura wuta. Yarinyar ta ɗauki tsohuwar munduwar daga ƙasa, ta goge tokar da bakin zanenta, ta mayar da ita aljihun Kawu ta ce ya koma da ita mota.